Haɗa sola a gida a Jos: lissafi kafin ciniki

Duk wanda ya shiga shagon kayan sola a Jos, ko wajen Taminus ne ko Bukuru, tambayar da za a tare shi da ita ba ta wuce: "Alhaji, kVA nawa kake so?" Shi ma mai sayen da ita ya fito daga gida, don ya ji maƙwabcinsa ya sa mai 3.5, abokin aikinsa ya sa mai 5. Tun daga nan ake fara ɓata. kVA girman inbata ne kawai, na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida, wato yawan kayan da za ka iya kunnawa a lokaci guda. Ba ya gaya maka ko wutar za ta kai ka asuba, kuma ba ya gaya maka ko batir zai cika gobe idan hadari ya rufe gari tun safe. Ka ɗauke shi kamar ruwan gida: fanel su ne injin da ke turo ruwa, batir tankin sama ne, inbata kuwa kaurin bututun da ke saukowa. Komai kaurin bututu ba ya ƙara ruwa a tanki. Shi ya sa za ka ga gida mai inbata 5 kVA ya koma duhu da ƙarfe 1 na dare, wani mai 1.5 kVA kuwa bai san an ɗauke wuta ba sai ya ji ƙarar janareton maƙwabta.

Abin da ya koro mutane zuwa sola kowa ya san shi. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000 a gidajen mai da yawa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta zuwa sama da 200 kaɗan. Sai ga Oktoban 2024, lokacin da layin Ugwuaji zuwa Apir ya samu matsala alhali na Shiroro zuwa Kaduna yana lalace, yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda babu wuta. Bayan wannan duhun, har wanda bai taɓa kawo sola a ransa ba ya fara tambayar farashi. Abin da ke damuna shi ne mutane suna shigowa kasuwar a fusace, da kuɗin da suka daɗe suna tarawa, su saya da gaggawa ba tare da sun zauna da biro da takarda ba.

Lissafin kuwa ba ya buƙatar digiri. Wanda ke da mita mai kati ya riga ya san yunit, tunda shi yake saye. Yunit 1 shi ne kayan wat 1,000 ya yi aiki na awa 1, ko kayan wat 100 ya yi awa 10. Kowane kayan wuta yana da wat ɗinsa a rubuce: a jikin ƙwan fitila, a ƙarƙashin dutsen guga, a 'yar takardar nan mai ƙyalli da ke manne bayan talabijin ko firji, wadda yawancinmu ba mu taɓa leƙawa ba. Ka ninka wat da awannin da kayan ke yi a rana, ka raba da 1,000, ka sami yunit. Idan unguwarku ta taɓa samun wuta ta yini da kwana, akwai hanya mafi sauƙi: rubuta abin da mita ta nuna da safe, ka sake dubawa washegari a daidai wannan lokacin. Bambancin shi ne cin gidanka na gaskiya, kuma sau da yawa ya fi abin da kake zato.

Mu ɗauki gida mai ɗaki uku, a ce a Rikkos ko Unguwar Rogo, da maigida da uwargida da yara. Ƙwan fitila 10 masu wat 10, awa 6 a rana, sun ci yunit 0.6. Fankar sama 3 masu wat 70, awa 8, yunit 1.7. Talabijin da dikoda, wat 100 a haɗe, awa 6, yunit 0.6. Cajin wayoyi da kwamfuta, a ba su 0.3. Injin tura ruwa mai ƙarfin doki 1, wanda ke jan wajen wat 1,000, rabin awa ya cika tanki, 0.5. Guga na rabin awa da dutse mai wat 1,200, wani 0.6. Firiza tata daban ce, don ba kullum injinta ke aiki ba, yana tashi yana kwantawa. Matsakaiciya mai lafiya takan ci wajen yunit 1.5 a yini da kwana, amma tsohuwa wadda robar murfinta ta saki, ko wadda ake cika wa kunun aya da zoɓo masu ɗumi don sayarwa, tana iya ninka haka. Idan aka tara, gidan nan yana cin yunit 5.8.

Saura abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa. Ita kanta inbatar tana ci. Ko ba ka kunna komai ba, babbar inbata tana jan wat 30 zuwa 60 don kawai tana kunne. A ce 40 ne: cikin awa 24 ta shanye kusan yunit 1, fiye da duk fitilun gidan. Wannan ma dalili ne na kada mutum ya sayi inbatar da ta fi ƙarfin bukatarsa don burgewa. Da wannan, gidan namu ya tashi kusan yunit 7 a rana, kuma da 7 ɗin za mu yi aiki.

Ka lura ban sa hita ba, kuma a Jos nan ne gizo ke saƙar. Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da sanyin asuba ke sa mutum ya tsaya yana kallon butar alwala, babu gidan da ba ya son ruwan zafi. Ɗumama bokiti mai lita 20 daga sanyin tanki zuwa yadda za a iya wanka da shi yana cin wajen yunit 0.7. Mutum biyar a gida, yunit 3.5 ke nan, rabin cin gidan gaba ɗaya. Kuma yaushe ake yi? Da asuba, kafin yara su tafi makaranta, lokacin da rana ba ta fito ba, batir kuma ya riga ya yi aikin dare ya gaji. Na sha ganin inda aka ɗora laifi kan batir ko kan mai haɗawa, alhali wata 'yar hita ce ta tsoma wa a bokiti ke kashe kayan miliyoyi a hankali. Ruwan zafi a bar wa gas, ko a sayi tankin ɗumama ruwa da rana, irin mai bututun gilashi da ake ɗorawa a kan rufi, wanda ba ruwansa da batir. Ga 'yan'uwanmu na Abuja kuwa, abin da hita take mana shi esi yake musu: mai ƙarfin doki 1.5 guda ɗaya, idan ya kwana yana aiki a zafin watan Maris, zai iya cin abin da ya kai na wannan gidan duka. Mai son kwana da esi a sola ya ninka kuɗin batir tun a zuciyarsa.

Yanzu sai mu koma kan rana. Mutane suna cewa muna da rana awa 12, amma fanel ba haka yake gani ba. Wat ɗin da aka rubuta a bayansa, a ce 550, an auna shi ne a ɗakin gwaji da haske mai ƙarfin wat 1,000 kan kowace murabba'in mita, fanel ɗin kuma yana kan zafin digiri 25. Ranar ƙarfe 8 na safe da ta bayan la'asar ba su kai wannan ƙarfin ba. Idan aka tattara hasken yini duka aka mayar da shi irin na tsakar rana, a yankinmu yakan tashi awa 5 zuwa 6 a yawancin shekara. Amma a Yuli da Agusta, lokacin da Jos ke wuni da yayyafi da hazo, wanki ya yi kwana biyu a igiya bai bushe ba, yakan sauko kusa da awa 4, wasu ranakun ma ƙasa da haka sosai. Ra'ayina a nan ba ya rawa: a auna sola da watan Agusta, ba da watan Fabrairu ba. Kayan da ya ɗauke ka a Agusta zai ɗauke ka ko yaushe.

Sannan fanel ba ya ba da duk abin da aka rubuta. Zafi yana rage shi, kusan kashi 0.35 cikin 100 kan kowane digiri da ya haura 25, kuma gilashin da ke kan kwano da tsakar rana yana iya kai digiri 60. A nan Allah ya rufa mana asiri, domin Jos tana kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, iskarta tana sanyaya fanel fiye da ta Abuja ko Lakwaja. Ƙura tana ragewa, waya tana ragewa, shiga batir da fita ma akwai asara. Don haka masu aikin kirki sukan ɗauki kashi 75 cikin 100 kawai. Lissafin shi ne yunit 7, wato 7,000, a raba da awa 4, a sake rabawa da 0.75. Ya ba da wat 2,333. Da fanel masu wat 550, huɗu ba su kai ba, biyar ake bukata. Da mun yi lissafin da awa 5.5 na rani, da fanel uku za a ce maka sun isa. Waɗannan guda biyun da ke tsakani su ne bambancin gidan da batirinsa ke cika da damina da wanda ke kwana rabin ciki har ya mutu kafin lokacinsa.

Kuma fanel ba shi ne wurin tsimi ba. Ƙasar Sin ce ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na fanel ɗin duniya, kuma yawan da masana'antunta suka yi ya karya farashi sosai a 2023 da 2024. A yau fanel ne kaya mafi araha idan aka duba aikin da yake yi, shi ne kuma mafi tsawon rai, tunda manyan kamfanoni irin su Jinko da Longi da Trina suna ba da tabbacin shekara 25 ko fiye a kan ƙarfinsa. Idan akwai canji a hannu, ƙara fanel ya fi komai amfani.

Sai dai yadda za a jera su yana da ƙa'ida, kuma a nan ake ƙona inbata. Fanel mai wat 550 yana ba da wajen bolt 50 idan ba a ɗora masa kaya ba. Idan aka haɗa biyar a jere, na wannan cikin na wancan, bolt ɗin ya taru ya kai 250, kuma da sanyin safiyar hunturu yana ɗan ƙaruwa. Wasu inbatoci suna karɓar har 450 ko 500, wasu kuwa iyakarsu 145. Ka sa a nuna maka wannan adadin a jikin inbatar kafin a hau rufi. Idan mai ƙaramar iyaka ce, dole a raba fanel ɗin rukuni-rukuni daidai wa daida, ka ga biyar ba za su rabu ba, sai a mayar da su shida. Caja kuma, wato na'urar da ke tura wutar fanel cikin batir, ta zama irin MPPT; tsohuwar PWM tana zubar da wani kaso mai yawa na ƙarfin irin waɗannan manyan fanel. A fuskantar da su kudu, da karkata ta digiri 10 zuwa 15, ko don ruwan sama ya riƙa wanke su. A tsaya a duba inuwa da safe da yamma, ta tankin ruwa, ta mangwaro, ta benen maƙwabci, domin inuwa a kan guda ɗaya tana jan sauran da ke jere da shi ƙasa. Da hunturu kuwa, ka goga yatsa a gilashin bayan sati biyu ka ga layin da zai bari. Ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi, shi ne duk maganin.

Batir ne ke cin kuɗin, saboda haka a nan ya kamata a fi zama. Ba cin yini duka ake auna shi da shi ba, cin dare ne, daga magariba zuwa wajen ƙarfe 8 na safe. A gidan namu: fitilu 0.6, fankoki 1.4, talabijin 0.4, firiza 0.8, caji 0.2, ita inbatar 0.6. Yunit 4 ke nan, idan aka ƙara asarar juya wutar batir zuwa ta gida ya zama kamar 4.4.

Batura iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai tubula, dogayen nan masu ruwa da 'yan sanduna a ka da ke nuna ko ruwan ya sauka. Mai bolt 12 da 220Ah (Ah awon cikin batir ne), idan ka ninka biyun ka raba da 1,000, yana ɗauke da yunit 2.64. Amma ba naka ba ne duka. Idan kana son ya yi rai, rabi kawai za ka riƙa sha, wato 1.3. Gidan namu yana bukatar guda huɗu, waɗanda za su ba da yunit 5.3, kuma haɗuwarsu ta ba da bolt 48. Akwai kuma lithiyam irin LiFePO4, wanda aka fi sani da akwatin bolt 51.2 da 100Ah, yunit 5.12, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin 100 nasa kullum. Wato akwati ɗaya ya kusa yin aikin tubula huɗu. Ga wannan gida yana kan gaɓa: zai kai safe, amma babu rarar da za ta ɗauki safiyar da hadari ya rufe. Ko dai a ƙara na biyu, ko a rage cin dare.

Rage cin daren ne na fi so mutane su kula da shi, don kyauta ne. Wutar da ka sha da rana kai tsaye daga fanel ba ta bi ta batir ba, ba ta rage masa kwana ba. Tura ruwa, guga, injin wanki, markaɗe, duk a mayar da su tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3 na yamma. Firiza mai murfin sama da ta wuni tana aiki, kayan ciki sun daskare, ana iya kashe ta da dare ta kai safe lafiya muddin ba a ta buɗewa. Fankoki masu amfani da DC, wato irin wutar batir, suna cin ƙasa da rabin na tsofaffin fankokin sama. Canza uku ya fi ƙara batir araha nesa ba kusa ba. Amma wannan ba ya yiwuwa idan maigida kaɗai ya san lissafin. Uwargida ce ke gida lokacin da ake kunna yawancin kayan, yara ne ke tashi guga da daddare saboda kayan makarantar gobe. Ranar da aka gama haɗawa, a tara kowa a gaban inbatar a nuna musu inda take nuna cikar batir da abin da ake ja.

To wanne ya fi araha tsakanin batura biyun? Farashin ranar saye ba ya amsa wannan. Abin dubawa shi ne nawa kowane yunit zai tsaya maka tsawon ran batirin. Bari mu sa adadi don koyon lissafin kawai, kai kuma ka musanya da farashin da aka ba ka a kasuwa. A ce tubula ɗaya naira 300,000, huɗu 1,200,000, kuma sun yi cika da sauka sau 1,200 kafin su gaji, wato shekara uku da 'yan watanni. Yunit 5.3 sau 1,200 ya ba da 6,360, kowane yunit ya tsaya kusan naira 190. A ce lithiyam naira 1,500,000, kuma ya yi sau 4,000, duk da masu ƙera shi kan rubuta har 6,000. Yunit 4.5 sau 4,000 ya ba da 18,000, kowane yunit naira 83. Ko farashin ya motsa, tazarar tana da faɗi. Ga tubula yana son a riƙa ƙara masa ruwan batir, yana son ɗaki mai iska saboda iskar gas da yake fitarwa lokacin caji, zafi kuma yana rage masa rai. Ban ce kada a saye shi ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba, tubula mai kyau da isassun fanel ya fi lithiyam na jabu. Amma mai iko ya daure.

Sai yanzu muka zo kan kVA. Ka tara abin da zai iya kasancewa kunne tare: fitilu 100, fankoki 210, talabijin 100, firiza 150, caji 100, jimla wat 660. Ƙara dutsen guga, ya zama 1,860. Injin ruwa da firiza kuwa, lokacin tashi suna fizgar ninki uku ko fiye na abin da suke ci na 'yan daƙiƙu, don haka injin wat 1,000 yana iya neman 3,000 a tashin farko. Kuma kVA ba daidai yake da wat ba a inbatoci da yawa, mai 3.5 kVA wat 2,800 take bayarwa idan an rubuta 0.8 a jikinta. Ga gidan nan 3.5 kVA za ta yi, da sharaɗin ba a guga lokacin tura ruwa. Mai son sakewa, ko mai shirin ƙara kaya nan gaba, ya ɗauki 5 kVA mai bolt 48. Fifikon 48 a kan 24 a bayyane yake: jan wat 3,000 daga batir mai bolt 24 yana nufin amfiya 125, wato awon yawan wutar da ke gudana, na bi ta waya, a 48 kuwa rabin haka.

Wannan ya kawo mu ga ƙananan kayan da ake yanke kuɗinsu don takardar farashi ta yi daɗin kallo. Wayar batir dole ta zama mai kauri ta jan ƙarfe zalla. Akwai wadda ake sayarwa, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari ya bayyana ka ajiye ta. Bayan an haɗa, ka kunna kaya masu nauyi na minti goma ka taɓa wayar da kan batir, bai kamata ka ji zafi ba. A sa bireka ta DC tsakanin fanel da inbata, da fis ko bireka tsakanin batir da inbata, kuma ta DC ɗin ta gaske, ba irin ta wutar gida ba. Ga tsawa. Duk wanda ya yi damina a kan tudun nan ya san yadda take sauka. Sandar at, mai zubar da rarar wuta cikin ƙasa, ta jan ƙarfe a binne a ƙasa, a haɗa ta da ƙarafan fanel da inbata, da na'urar kare fizgar wuta a ɓangaren fanel da ɓangaren NEPA, duka kuɗinsu bai wuce kashi kaɗan na kuɗin inbatar da suke karewa ba. Ƙarafan ɗaure fanel su kama katakon rufi, ba kwano kawai ba, domin kowane fanel ya fi mita 2 tsawo, nauyinsa ya haura kilo 25, kuma guguwar farkon damina ba ta wasa.

Jimlar kuɗi fa? Kusan duk kayan nan daga waje suke zuwa, su sauka Legas, su biyo mota zuwa nan, don haka farashinsu dala yake bi. Dalar da ke wajen naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, shi ya sa takardar farashin wata uku da suka wuce ba ta da amfani yau. Mu ci gaba da adadin koyo: fanel biyar a 130,000, naira 650,000, inbata 700,000, lithiyam 1,500,000, waya, bireka, ƙarafa, at da kuɗin aiki 550,000. Jimla miliyan 3.4. Abin riƙewa a nan shi ne fasalin rabon: batir ya kusa cin rabi, fanel kusan kashi ɗaya cikin biyar, ƙananan kaya da aiki kuma ba su yi ƙasa da kashi 15 cikin 100 ba. Idan aka kawo maka takarda ka ga ƙananan kayan ba su kai komai ba, to an cire wani abu da za ka biya daga baya.

Ko kuɗin zai dawo, ya danganta da abin da solar ke maye wa gurbi. Gidan da ke kunna janareto awa 4 kowane dare, yana shan wajen lita 1 a awa, idan lita naira 900 ce yana ƙona 3,600 a rana, sama da miliyan 1.3 a shekara, ban da baƙin mai da gyara. Wannan cikin shekara uku ya fanshe kuɗinsa, kuma wutar yini da kwana yake samu maimakon ta awa 4. Amma wanda ke Band A kuma wutar tana zuwa da gaske, ko wanda ke kan layin NESCO, kamfanin nan da ke samar da wuta daga ruwan Kurra tun 1929, kuma yana samu yadda ya kamata, lissafinsa daban ne. Yunit 5.8 a rana kusan 2,100 ne a shekara. A naira 210 wajen 440,000 ne, ka ga sai an yi shekara takwas. Irin wannan gida inbata da batir matsakaici da fanel biyu ko uku sun ishe shi cike giɓi.

Wajen ciniki, a karɓi takarda daga mutum uku, kowace da sunan kamfanin kaya, lambar samfuri, wat, bolt, Ah da tsawon waranti a rubuce. "Cikakken 5 kVA" ba bayani ba ne. Wanda ya faɗa maka farashi a waya bai zo ya ga rufinka ba, bai tambaye ka me kake kunnawa ba, ka nemi wani. Ana manna takardar wat 550 a bayan fanel ɗin da bai kai ba; ka auna tsawo da faɗi ka gwada da na takardar kamfanin, ka duba lambar da ke cikin gilashi ta yi daidai da ta baya. Ana kuma cusa tsofaffin ƙwayoyin lithiyam a sabon akwati. Gwajinsa shi ne a cika shi taf, a kashe fanel da NEPA, a ɗora masa kaya da aka san wat ɗinsu, a ga awa nawa zai yi. Wat 1,000 a kan akwatin yunit 5 ya kamata ya haura awa 4. Ka ajiye wani kaso na kuɗin aiki sai an yi wannan gwajin a gabanka.

Wanda kuɗinsa bai kai duka ba yana iya hawa mataki-mataki, amma da tsari. Ya fara da inbatar da zai zauna da ita, mai bolt 48 da wurin karɓar fanel da yawa, da waya mai kaurin da zai ɗauki ƙarin gaba, sai fanel uku da batir ɗaya, firiza kuma ta riƙa aiki da rana kawai. Fanel ana ƙara su daga baya, muddin irinsu ɗaya ne ko masu kusancin bolt da amfiya. Lithiyam ma yawanci yana karɓar ɗan'uwansa idan kamfani da samfuri ɗaya ne, bayan an daidaita cajinsu. Tubula ne ba ya son haka: idan ka haɗa sabo da wanda ya shekara yana aiki, tsohon zai ja sabon zuwa matsayinsa cikin 'yan watanni. Mai niyyar tubula ya sayi adadin da yake bukata rana ɗaya, daga kaya ɗaya, ya duba ranar ƙira a jikin kowanne kafin a ɗora a mota.